Farin Kanbas a Falon Baba

A makarantar da na koyi zane akwai wani dogon ɗaki a bayan ajujuwa, gefen wata bishiyar mangwaro da ba ta taɓa yin 'ya'ya masu zaƙi ba. A hukumance sunansa ɗakin baje koli. Mu ɗalibai galari muke ce masa, muna faɗa da wata irin isa, alhali tsohon sito ne aka fasa wa tagogi. Rufinsa yana yoyo ta kusurwar gabas, fankar da ke aiki guda ce, ita ma sai an zungure ta da sanda take yarda ta juya. Bangon ya sha farin fenti har ya yi kauri, ko'ina ramukan ƙusa ne na waɗanda suka riga mu. Duk da haka, wanda ya shigo makarantar tun ranar farko idonsa yana kan ɗakin nan, domin a can 'yan ajin ƙarshe suke rataye aikinsu na mako guda, malamai su ba da maki, iyaye da mutanen gari su zo kallo.

Ɗakin yana da al'adarsa wadda ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Kanbas, wato ƙyallen nan mai kauri da ake ɗamewa a jikin katako a yi zane a kai, tsada gare shi, kuma yawancinmu 'ya'yan ma'aikata ne masu jiran ƙarshen wata. Saboda haka ranar rufe baje koli, duk zanen da mai shi yake so, ya bar shi a rataye ko ya ɗauke abinsa. Wanda ba ya so kuwa, sai ya sauke shi ƙasa, ya jingina shi da bango, fuskar zanen tana kallon bangon. Wannan juyawar ita ce sallama. Washegari da sassafe 'yan ajin farko za su shigo da samfefa da bokitin farin fenti da aka dama da gam, su kankare zanen, su shafe shi fari tas, su samu abin koyo. Babu tambaya, babu godiya. Ni ma kanbas ɗina na farko shanun wani ne a ƙarƙashinsa, garke guda suna shan ruwa a bakin rafi, kuma na kankare su ina raira waƙa.

Gidanmu yana Unguwar Dosa. Baba ma'aikacin gwamnati ne na asali, irin waɗanda ko biro na ofis ba ya kwana a aljihunsu. Akanta ya so in karanta. Da na kafe a kan zane bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "To, Allah ya ba da sa'a," da muryar da ake yi wa mai tafiyar da ba a sa ran za ta yi riba. Tun daga ranar bai taɓa tambayata me nake zanawa ba. Idan ya ga fenti a hannuna sai ya ce in wanke kafin in taɓa masa kwano. Abin yana ci min rai, ina kuma nuna kamar ko a jikina.

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk gidan muka saba da ita. A falo akwai kalandar ma'aikatarsu mai ɗauke da fuskokin manya, da hoton ƙanena na gama sakandare, da wani nasa yana karɓar takardar yabo. Idan zai yi nafila a falon, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya juya fuskokinsu bango, sannan ya shimfiɗa darduma. Idan ya idar kuma ya manta da su. Mama ce take bi daga baya tana juyo su, tana cewa, "Ku yi haƙuri, bayin Allah, kun gaji da kallon bango."

Mama ba ta yarda da hoto. Ba wai don wa'azi ba, ita dai ba ta so. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ko ta tuna ta bar tukunya a wuta. A hotunan bikin dangi duka, in ka ga kafaɗa ko gefen ɗankwali yana ficewa daga hoton, to ita ce. Hotonta guda da ke duniya shi ne na katin ɗan ƙasa, ta ɗaure fuska, hijabi ya matse mata kumatu, ba ta yi kama da kowa a gidanmu ba. Mama kuwa mai dariya ce. Tana da wushirya, tana jin kunyarta, don haka ba ta taɓa dariya hannunta bai riga ta zuwa baki ba.

Ni ce 'yar fari, kuma Mama irin matan da ne wajen alkunya. Ba ta faɗin sunana, ba ta yabona a gaban mutane, ba ta tsayar da ido a kaina. "Ke" ce ni, ko "waccan". Na san tana sona, don naman da ya fi laushi a kwanona yake ɓuya a ƙarƙashin tuwo, amma na girma ina kishin ƙannena da take kira da sunansu tana jan kunnensu.

Da muka shiga ajin ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi babban aikinsa na baje koli, ban yi shawara da kowa ba na ce Mama zan zana. Na same ta tana tsintar shinkafa a tsakar gida na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Duk bishiyoyin garin nan sun ƙare ne?"

"Mama, bishiya kowa ya iya."

"To ki zana kowa."

Na yi naci. A wajen naci Baba na biyo, ita da kanta take faɗa. Na bi ta kicin, na bi ta bakin famfo, na yi mata wanki ba ta sa ni ba. Daga ƙarshe ta gaji ta kafa min sharuɗɗa. Ba za a yi zanen ba sai Baba ya tafi ofis. Kada a ɗauki zanen a waya, ba ni ba, ba kowa ba, don ba ta yarda fuskarta ta shiga aljihun 'ya'yan mutane ba. In an gama baje kolin kuma in dawo mata da shi, ƙarƙashin gado za ta tura shi. Na ce na amince da duka.

Haka muka fara. Ranakun da ba ni da darasin safe, da ƙannena sun tafi makaranta, sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno da tiren shinkafa a cinya, ni kuma in kafa kanbas a gindin bangon kicin inda haske yake faɗowa. Mai zane dole ya kalli abin da yake zanawa, wanda ake zanawa kuma dole wani lokaci ya kalli mai zanen. Da farko in na ce, "Mama, ɗan dube ni," sai ta dubi saman kaina, ko kunnena. A hankali idonta ya fara sauka. Ban taɓa sanin akwai ɗan tabo a ƙarƙashin girarta ta hagu ba sai a lokacin, ta ce ƙofar langa-langa ce ta yanke ta tana yarinya a Zariya. Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na yadda Baba ya zo zance da takalmi wari da wari saboda rawar jiki. Ranar ce ta tuntsire da dariya, hannayenta biyu suna riƙe da tire, babu na kaiwa baki. Na ga wushiryar, na ga yadda idonta yake ƙanƙancewa, kuma ni take kallo. Na jefar da duk abin da na tsara na zana wannan.

Da na gama na juyo mata shi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Kin ƙara min haƙora."

"Naki ne, Mama, ban ara a wurin kowa ba."

Ta kai hannu baki. Can ta ce, a hankali, "Ashe haka nake." Ta tashi ta shiga kicin, na ji tana ta motsa tukwanen da ba su buƙatar motsawa.

Ranar rataye aiki ni da ƙawata muka ɗauko shi a keke, lulluɓe da tsohon zanin gado. Ƙawar nan tawa 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana zaune a Abakpa wurin gwaggonta malamar firamare, kuma tun ajin farko tare muke cin abinci a kwano guda. Gidanmu gidansu ne, Mama tana ajiye mata ƙanzo. Mun yi rigima da wani ɗan ajinmu a kan bangon da ke fuskantar ƙofa, don nan ne idon mai shigowa yake fara sauka, kuma nesa yake da yoyo. Ni na ci, saboda na fi shi baki. Ƙawata ta riƙe min kujera na hau na buga ƙusa.

Ranar buɗewa na tsaya a gefen zanen kamar mai gadi. Duk wanda ya ɗaga waya sai in tare shi, in ce mai fuskar ba ta yarda ba. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, wani malami ma ya ce ban san yadda ake tallar kai ba. Ban damu ba. Iyayen mutane suna ta shigowa, uwaye da manyan mayafai, ubanni suna gyara hula suna tambayar ma'anar abin da ba shi da ma'ana. Ni kuwa idona yana ƙofa, ko da yake na san babu mai zuwa. Na ajiye wa Baba katin gayyata a kan teburinsa, bai ce komai ba. Da na koma gida da yamma ina kumbure-kumbure, Mama ta ce, "Bar ni da shi. Kafin a rufe zan kawo miki shi, ko da a ɗaure ne."

Washegari da hantsi ina galari ƙanena ya kira ni. Mama ta faɗi a bakin famfo. Kafin in isa asibiti ɓarin jikinta ya shanye, bakin ya karkace, magana ta ɗauke. Likitoci suka ce hawan jini ne, wanda ta daɗe tana fama da shi tana ce masa ciwon kai. Na zauna a gefen gadonta ina riƙe da hannun da ke motsi. Ta kalle ni sosai, babu alkunya, babu kawar da kai. Ba ta kwana biyu a asibitin ba Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan iya ba da labarin zaman makoki a jere ba, don ban san yadda ya wuce ba. Na san gidan ya cika da mata, na san an yi ta ce min in yi haƙuri ni ce babba. Na san ƙawata ta ɗaura ɗankwali ta tare a bakin murhu tare da gwaggonnina, tana wanke manyan tukwane daga safe har magariba, har wata tsohuwa ta tambaya ko 'yar ɗakin Mama ce. A cikin wannan hali sau ɗaya zanen ya faɗo min a rai, na ce wa ƙawata, "Galari fa?" Ta ce in kwantar da hankalina, ta gaya wa shugaban 'yan ajin farko cewa na rataye a bangon ƙofa kada wanda ya taɓa. Ai ma ba sai an faɗa ba, abin da ke rataye ba a taɓa shi. Na ji sanyi a raina. Na riƙa gaya wa kaina cewa duk abin da aka binne, dariyar nan tana can a rataye tana jirana.

Bayan an share makoki na shirya na tafi ɗauko ta. Na tafi da zanin gadon nan a jaka. Na tarar da ƙofar galari a buɗe, ana jin warin sabon fenti tun daga gindin mangwaro. An kwashe komai. A bangon ƙofa ƙusata ce kawai. A waje kuma, a jikin bango inda rana take bugawa, an jera kanbas fari fat suna shan iska.

Na gane nawa tun daga nesa. Ni na haɗa katakon da hannuna, kusurwa guda ta ɗan karkace, kuma a gefe akwai ɗigon shuɗin da na yi ɗankwalinta da shi. Na tsaya a gabansa. Fari ne, babu komai.

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. 'Yan ajin farko suka fito suka yi cirko-cirko. Wadda ta yi aikin ta matso da kanta, wata siririya mai tabarau, hannunta duk fenti. Ta ce wallahi a ƙasa ta same shi, a jingine, fuskarsa tana bango. Shugabansu ya ce shi ma ya gani da idonsa, ya ɗauka ra'ayi na canja, tun da an yi min rasuwa wataƙila ba na son ganinsa. Na tambayi yarinyar ko da ta juyo shi ba ta ga mutum a jiki ba. Ta ce ta gani, har ta ce kai, wannan matar ta iya dariya, amma ai a juye yake. Sai ta fashe da kuka. Na so in mare ta, na kuma san ba ta yi abin da ban taɓa yi ba.

Wa ya sauke shi? Babu wanda ya sani. Ranar rufewa mutane sun yi yawa, 'yan ajinmu rabi suna gidanmu wajen gaisuwa. Na zargi ɗan ajinmu da muka yi rigimar bango, na je har inda yake zama na faɗa masa maganar da har yau in muka haɗu yake sauya hanya. Na zargi mai gadi. Ƙawata ma ba ta tsira ba, na ce mata ita na bar wa amana. Ta dube ni da idanun da hayaƙin murhun gidanmu ya rina, ta ce, "Ina wurin Mama." Ta karɓi zanin gadon daga hannuna ta naɗe kanbas ɗin.

Mun gwada duk abin da muka sani. Muka jiƙa kusurwa guda da ruwan ɗumi muka murza a hankali, farin ya ɗago, abin da ke ƙasa wani ruwan ƙasa-ƙasa ne mai zane-zanen samfefa. Malaminmu ya duba ya girgiza kai, ya ce yarinyar ta yi aiki da gaske, ta kankare har zaren ƙyallen. Na bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su duba wayoyinsu, ko Allah ya sa wani ya saɓa min ya ɗauka a ɓoye. Ni da na hana, ni ce nake addu'ar a samu wanda bai ji maganata ba. Babu. A wani hoton taro da aka ɗauka a tsakiyar ɗakin ne kawai aka ga gefen zanen a bayan kan wani, gwiwar hannu da bakin tire. Ko a nan ma Mama ta fice daga hoto.

Na kai kanbas ɗin gida na tura shi ƙarƙashin gadonta, inda ta ce za ta sa shi. Ban gaya wa kowa a gidan ba. Na sayi wani na gwada sake zana ta daga ƙwaƙwalwa. Goshin yana zuwa, tabon gira yana zuwa, ɗankwalin ma. Bakin ne ba ya zuwa. Kullum sai in samu wata mata mai kama da ita tana murmushin hoto. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, duk lokacin da na zana ta ba daidai ba, sai ta gaskiyar ta ƙara dusashewa a kaina. Na daina.

Baba kuwa ya koma ofis, yana fita da safe yana dawowa da yamma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba ma wata hira da ta wuce gaisuwa. Wata rana bayan la'asar, an riga an yi sadakar arba'in, na kai masa shayi falo. Zan fita sai ya ce, "Ke."

Na tsaya.

"Wannan zanen na mahaifiyarku. Har yanzu makarantar ba ta sake shi ba?"

Na yi mamakin ya san da shi, sai na tuna ta ce in bar ta da shi. Na durƙusa a gefen kujera, kuma abin da na danne tsawon makonni ya ɓalle. Na gaya masa babu zanen, an shafe shi. Na gaya masa al'adar ɗakin, da samfefa, da farin fenti. Raina yana tafasa, bakina yana gudu. Na ce wani mara imani ne, wanda bai san darajar uwar kowa ba, ya sa hannu ya sauke shi ya juya shi bango, kuma ko waye ban yafe masa ba, sai mun tsaya gaban Allah.

Baba ya ajiye kofin a hankali.

"Juyawar ce ta sa aka shafe?"

"Ita ce, Baba."

Na ɗago na dube shi. Idonsa yana kan darduma.

"Ni na juya shi."

Ban ma gane ba da farko.

Ya ce daren da aka buɗe baje kolin ta gaya masa komai, ta sa shi ya yi alkawarin zai je. Bayan sadakar uku ya duba katin da na ajiye masa ya ga ranar ce ta rufewa. Da hantsi ya ce wa masu zaman makoki zai leƙa ofis, ya hau mota a Kawo shi kaɗai, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ɗakin. Yana shiga ita ya fara gani.

"Na daɗe a tsaye," in ji shi. "Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa ganin ta yi dariya hannunta bai rufe bakin ba. Sai a nan."

Ya ce yana tsaye sai ga wasu samari sun zo suna kallo suna hira, ɗaya ya ciro waya. Ya san sharaɗinta, kuma matarsa ce, ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba. Ya ce musu su yi haƙuri, ya sauke zanen daga ƙusa, ya jingina shi ya juya fuskar bango, yadda yake yi a gida, don a daina kallonta.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka taho da shi ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaske, kamar na tambaye shi me ya sa bai yi sata ba.

"A harabar makaranta yake. Ba a fita da kaya daga wurin gwamnati babu izini. Na nemi ofishin shugaban sashe, a rufe. Na ce in an natsu sai ki nemi a sake miki shi." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Har na gyara shi yadda ba zai faɗi ba. Na duba sama ko akwai yoyo a wurin."

A rayuwata ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko a maƙabarta an ce bai yi ba. Ranar ya yi, ba sauti, hawaye suna bin gemunsa. Ni kuwa maganar da na faɗa tana nan a tsakiyar falon, ba ni da yadda zan mayar da ita. Na ce, "Baba, na yafe. Ban san kai ba ne. Ka yafe min." Ya girgiza kai, ban san wanne yake nufi ba.

Can ya ce, "Kin iya. Ban sani ba, ashe kin iya sosai."

Shekaru nake jiran wannan maganar daga bakinsa. Na sha tsara yadda zan ji ranar da zai faɗe ta. Da ta zo, ji na yi kamar an ɗora min dutse a ƙirji, don abin da yake yabo babu shi, kuma mu biyu ne kawai a gidan muka taɓa ganinsa a rataye.

Ya tambaya ko zan iya sake zanawa. Na ce na gwada, bakin ba ya zuwa. Ya gyaɗa kai. Sai ya tambaya ina ƙyallen yake. Na ce yana ƙarƙashin gadonta.

"Ɗauko."

Na ɗauko na warware zanin gadon. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a cinya. Hasken yamma yana shigowa ta taga a kaikaice, kuma a irin wannan hasken, in ka karkata kanbas ɗin, akwai wani ɗan tudu siriri da samfefa ba ta cinye ba, inda na zuba fenti da kauri a gefen ɗankwali ya gangaro zuwa kumatu. Ni ban taɓa lura da shi ba. Shi ya gano shi da yatsa, ya bi shi a hankali daga sama har ƙasa, ya sake komawa.

"Nan ne kuncinta," ya ce.

Da kansa ya nemo guduma da ƙusa. Ya rataye shi a falo, a bangon da ke fuskantar ƙofa.

Na gama makarantar, na yi aure, ina koyar da zane a wata sakandare. Ƙawata ta yafe min tun kafin in roƙa, ita ce ma ta yi min ƙawar amarya. Galari yana nan, an ce an gyara rufin, al'adar ma tana nan, ban kuma ce a daina ba, don yara suna buƙatar kanbas. Ni dai ban sake shiga ɗakin ba.

Baba ya yi ritaya. Baƙi in sun shigo falonsa sukan tambayi mene ne wannan farin allo, ya ce aikin 'yarsa ne, ya ja wata hirar. Ina zuwa duba shi ranar Juma'a da yamma. Wani lokaci ina zaune zai shimfiɗa darduma ya tayar da nafila, farin kanbas ɗin yana sama da kansa, shi kaɗai ne ba ya juyawa, tun da babu fuska a jiki. Kalandar da hoton ƙanena da na takardar yabo kuwa suna nan suna kallon bango tun shekarar, babu mai bi ta juyo su.